Tallafin mai, iyakar Illela ko damina? Yadda ake auna abin da ya taɓa farashi

Duk mai yin cefane a shagunan Sabon Gari ko a Babbar Kasuwar Sakkwato ya san cewa tun tsakiyar 2023 kuɗi ba sa kai inda suke kaiwa a da. Wannan ba wanda ke musu a kai. Gardama tana tashi ne idan aka zo kan dalili. Wani ya ce janye tallafin man fetur ne, wani ya ce faɗuwar naira ce, ɗan kasuwa mai hulɗa da Birnin Ƙonni ya ce rufe iyakar Illela ne ya karya kasuwa, dattijo kuma ya ce ai ko a shekarun da babu ko ɗaya cikin waɗannan, gero yakan yi tsada da damina. Kowa da gaskiyarsa. Abin da baki ba ya iya yankewa shi ne, kowane dalili nawa ya ƙara a kan kwanon hatsi.

Masana ƙididdiga suna da hanyar tunkarar wannan tambaya, kuma a yau manhajar kwamfuta ce ke ɗaukar nauyin lissafin. Kayan aikinsu shi ne jerin alƙaluman da aka tattara bi da bi a kan lokaci tsayayye: farashin buhun gero duk ranar kasuwa, yawan yaran da aka kai asibiti da zazzaɓi duk wata, ruwan da ya sauka duk damina. Ko littafin da mai shago ke rubuta cinikin kowace rana jeri ne irin wannan. Idan wani abu ya faɗo a tsakiyar jerin, doka ce, annoba ce ko juyin mulki, sai a so sanin ko ya karkatar da shi, da kuma iya girman karkatar.

Lissafin da aka fi ji a rediyo da bakin 'yan siyasa shi ne mafi sauƙi: a ɗauki adadin kafin abin ya faru, a ɗauki na bayansa, a cire wannan daga wancan. Mu gwada. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, ta ce hauhawar farashi a Mayun 2023, watan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarewar tallafin mai, kashi 22.41 ce cikin ɗari. A Mayun 2024 ta kai 33.95. Ƙarin ya ɗan haura maki 11 da rabi, sai a ce ga abin da janye tallafi ya jawo. To amma a koma baya shekara guda. A Mayun 2022 adadin 17.71 ne, wato tun ana biyan tallafi hauhawar ke ƙaruwa, har ta ƙara maki 4.7 cikin shekara ɗaya. Da an ci gaba a kan wannan tafiyar ba tare da wani sabon abu ya faru ba, da a Mayun 2024 an tsaya wajen 27. Ke nan abin da ya rage a nemo masa bayani bai kai maki 7 ba. Wannan lissafin gaggawa ne da alƙaluma uku kacal, ba a kafa hujja da irinsa, amma ya nuna inda zancen yake. Abin da ya kamata a gwada yau da shi shi ne yau ɗin da za a gani da abin bai faru ba. Wannan ranar kuwa ba wanda ya taɓa ganinta. Aikin manhaja ke nan: ta karanci halin jerin kafin lamarin, ta ja layin da ya kamata ya bi a bayansa, sannan ta auna ratar da ke tsakanin layin da abin da ya faru a zahiri.

Kafin layin ya zama abin dogaro, sai an cire abubuwan da ke motsa alƙaluma ko da ba wani labari. Na farko shi ne hawa ko saukar da aka riga aka ɗauko, irin wanda muka gani yanzu. Na biyu shi ne zagayowar shekara, wanda kowane Basakkwace ya sani ba tare da ya shiga aji ba. Gero da dawa sukan yi araha da kaka, su riƙa hawa har zuwa tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare sabo bai nuna ba. Albasa tata tafiyar daban ce: idan ta fadamun Goronyo, Wurno da Kware ta cika kasuwa da rani sai ta faɗi warwas, sannan ta yi tashin gwauron zabi wajen ƙarshen shekara. Wanda ya gwada farashin gero na Mayu da na Agusta a kowace shekara zai tarar da ƙari, ko an janye tallafi ko ba a janye ba. Manhaja takan koyi wannan zagaye idan an ba ta alƙaluman shekaru da dama, sai ta gwada kowane Agusta da Agustan da suka gabace shi.

Akwai wani tarko a nan da littattafan da aka rubuta a Turai ba su cika ambata ba. Manhaja watannin Bature goma sha biyu ta sani. Azumi da Sallah kuwa suna matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, don haka ba su da wata ɗaya da za ta ɗaure su a kai. A 2023 Babbar Sallah ta faɗo ranar 28 ga Yuni, wata guda cif bayan jawabin tallafi. Duk wanda ya auna kuɗin rago, tumatir, albasa ko kuɗin mota na watan Yunin nan bai saka Sallah a lissafinsa ba, zai ɗora wa man fetur laifin da wani ɓangarensa na hidimar layya ne. Mai bincike ne zai zauna da kalandar Musulunci ya shigar da ranakun da hannunsa, manhaja ba za ta tuna masa ba.

Abu na uku ya fi ɓoyewa. Farashin wannan wata daga inda na watan jiya ya tsaya yake ɗorawa, saboda haka alƙaluman da ke maƙwabtaka suna kama da juna. Hanyar lissafi ta yau da kullum takan ɗauki watanni 36 tamkar shaidu 36 da kowannensu ya ga abu da idonsa, alhali yawancinsu abin da na gabansu ya faɗa suke maimaitawa. Alƙalin da bai lura da haka ba zai yanke hukunci da ƙarfin gwiwar da shaidar ba ta kai ba. A lissafi sakamakon shi ne, manhaja ta ce ta tabbata an samu sauyi, alhali yawon da jerin ya saba yi ne kawai. James Durbin da Geoffrey Watson sun fito da gwajin gano wannan matsala tun 1950, kuma kusan kowace manhaja tana iya bugo shi tare da sakamako. A 1970 George Box da Gwilym Jenkins suka wallafa littafin da ya yaɗa tsarin da ake kira ARIMA, wanda ke lissafa yadda kowane adadi ya dogara da na bayansa maimakon ya yi biris da hakan.

Labarin da malaman wannan fanni suka fi son bayarwa daga jihar Connecticut ta Amurka ya fito. A 1955 mutum 324 suka mutu a haɗarin mota a jihar, adadin da ya ɗaga hankali, sai Gwamna Abraham Ribicoff ya sa aka matsa wa masu gudun wuce sa'a, ana dakatar da lasisinsu. A 1956 mamatan suka sauka zuwa 284, gwamnati ta ce ta ceci rai 40. A 1968 Donald Campbell da Laurence Ross suka jera alƙaluman shekarun da suka gabata da na jihohin maƙwabta, suka nuna cewa adadin dama yana hawa yana sauka, kuma 1955 shekara ce da ta fita daban wajen muni. Shekarar da ta biyo bayan mafi muni kusan kullum takan fi ta sauƙi, ko an yi wani abu ko ba a yi ba. Ba su ce matakin banza ne ba, sun dai nuna cewa ba duka 40 ɗin ne za a jingina masa ba. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin hukumomi a ko'ina sai abu ya kai intaha suke motsawa: amai da gudawa ya ɓarke a kawo ɗauki, haɗari ya yawaita a wata hanya a kafa shinge. Idan adadi ya sauka bayan haka, saukar kaɗai ba ta isa shaida ba.

Hanyar da aka fi bi a yau Box ne ya shimfiɗa ta tare da George Tiao a 1975, da alƙaluman gurɓatar iskar birnin Los Angeles, inda suka auna tasirin buɗe wata babbar hanya da wata dokar sinadaran fetur a 1960, da kuma ƙa'idojin injin sababbin motoci daga 1966. Babbar gudummawarsu ita ce tilasta wa mai bincike ya faɗi siffar tasirin da yake zato tun kafin ya fara. Wani lamarin tsalle ne guda, daga nan a zauna a sabon mataki. Kuɗin litar fetur haka ya yi: daga ƙasa da naira 200 a farashin hukuma, kamfanin NNPC ya mai da shi 537 a Abuja a ƙarshen Mayun 2023, bai kuma komo ba, sai ma ya ƙara zuwa 617 a watan Yuli. Wani lamarin bugu ne na ɗan lokaci da ke lafawa, kamar yadda aka gani a ƙarshen Fabrairun 2021, lokacin da dillalan abinci da shanu na Arewa suka dakatar da kai kaya Kudu bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan. Tumatir da albasa suka yi kwantai a Arewa, suka yi tsada a Legas, bayan kamar mako guda aka sasanta, kasuwa ta koma hanyarta. Wani kuma a hankali yake ratsawa, watanni suna wucewa yana ƙara nauyi, irin yadda faɗuwar naira ke bin kayan da ake shigowa da su har ta isa shagon unguwa. Idan aka nemi tsalle a inda tasirin rarrafe yake yi, manhaja tana iya cewa ba ta ga komai ba.

A aikace abin bai kai yadda ake tsoronsa ba. Ana shirya jadawali ne, kowane wata da layinsa. Gurbi na farko farashin ne. Na biyu lambar watan, 1, 2, 3, har ƙarshe. Na uku a sa 0 ga duk watan da ya gabaci lamarin, 1 ga duk wanda ya biyo baya. Na huɗu ya ƙirga watannin da suka wuce tun faruwarsa. Sai a ƙara gurabun azumi, Sallah da duk abin da aka san yana taɓa farashin. Manhaja za ta fitar da adadi biyu masu muhimmanci: girman tsallen da aka yi nan take, da yadda saurin hawa ko sauka ya canja. Kowannensu yana zuwa da iyaka ta ƙasa da ta sama, wato faɗin da ake ganin gaskiyar tana ciki. A ganina wannan faɗin ya fi adadin kansa amfani. Idan ya taso daga ƙasa da sifiri ya ƙare a samansa, alƙaluman ba su iya bambance tasiri da rashinsa ba. Ɗalibai da yawa idonsu na kan lambar nan ta 0.05 kawai, wadda ake ɗauka a matsayin iyakar tabbatar da tasiri, da zarar sakamako ya faɗa ƙasa da ita sai murna, ba a ko tambayar ko tasirin da aka gano ya kai a damu da shi a kasuwa.

Ɗaliban tattalin arziki a jami'o'inmu sun fi sabawa da EViews da SPSS, masu binciken lafiya kuma da Stata, wadda ke da wani umarni na musamman don wannan aiki mai suna itsa. Duka ukun na kuɗi ne. R kyauta ce, Ross Ihaka da Robert Gentleman suka fara ta a Jami'ar Auckland a farkon shekarun 1990, haka ma gretl, wadda ta fi sauƙi ga wanda ba ya son rubuta umarni. A 2015 masu bincike a Google sun wallafa bayanin wata hanya mai suna CausalImpact, wadda ke aiki cikin R, tana zana layin "da abin bai faru ba" tare da inuwar rashin tabbas a gefensa. Zaɓin manhaja ba shi ne babban al'amari ba, idan tsarin ɗaya ne amsoshinsu ba sa nisa da juna. Yawan alƙaluma ya fi muhimmanci. Don tsarin ARIMA an saba neman aƙalla 50, wato sama da shekara huɗu idan na wata-wata ne. Kuma kafin a taɓa kowane umarni, a fara zana jerin a kalle shi da ido, ko a Excel ne.

Mai son koyo yana da abin gwaji a cikin R kanta, jerin da ake kira Seatbelts: alƙaluman haɗarin mota na Birtaniya wata-wata daga 1969 zuwa 1984. Ranar 31 ga Janairun 1983 aka wajabta ɗaura bel ga direba da na kujerar gaba, ban da na baya. Wannan ya ba masu bincike abin da ya fi kowace dabarar lissafi ƙarfi, wato rukunin da dokar ba ta taɓa ba. Na gaba da na baya hanya ɗaya suke bi, ruwa ɗaya ke dukansu, kuɗin mai ɗaya ne. Da raunukan na gaba suka ragu sosai na baya ba su ragu ba, sai ya yi wuya a ce wani abu ne daban ya jawo. Andrew Harvey da Durbin ɗin nan ne suka yi nazarin da aka fi sani a kai a 1986.

Irin wannan dabarar tana da wurin aiki a Sakkwato. Tun 2015 ake bi gida-gida da damina ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro sau ɗaya a wata, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012 ga ƙasashen yankin Sahel. Asibitoci suna shigar da alƙaluman kowane wata a manhajar DHIS2. Wanda ke son auna tasirin shirin ba zai tsaya ga ƙananan yara kaɗai ba, domin ruwan bana ba na bara ba ne, sauro kuma ruwa yake bi. Zai jera su ne da yaran da suka haura shekara biyar, waɗanda ba a ba maganin. Idan duka biyun suka ragu tare, wataƙila damina ce ta yi sauƙi. Sannan sai ya duba ko yawan asibitocin da ke aiko da rahoto ya canja, ko kayan gwajin jini sun ƙaru, domin inda aka fara gwaji sosai adadin masu cutar a takarda yakan hau ko da cutar ta ragu a gari.

Wannan matsala ta canjin ma'auni ba asibiti kaɗai ta shafa ba. NBS ta ce hauhawar farashi a Disamban 2024 34.80 ce, a Janairun 2025 kuma 24.48. Ba kayan masarufi ne suka sauko da maki goma cikin wata guda ba. Hukumar ce ta sabunta jerin kayan da take aunawa da nauyin kowannensu, ta kuma mai da shekarar da ake gwadawa da ita daga 2009 zuwa 2024. Wanda ya zuba alƙaluman gaba ɗaya cikin manhaja bai san da wannan ba, za ta nuna masa gagarumin sauyi a Janairun 2025, ya tashi yana neman manufar gwamnatin da zai yaba wa.

Ranar da za a ce lamari ya fara ita ma takan zama abin jayayya. Canjin takardun naira Gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da shi ranar 26 ga Oktoban 2022, sababbin kuɗi suka fara yawo a tsakiyar Disamba, ƙarancin tsabar kuɗi ya kama mutane sosai daga ƙarshen Janairun 2023, Kotun Ƙoli kuma ta yanke hukunci a kai ranar 3 ga Maris. Wace rana za a sa 1? Amsar ta dogara da abin da ake aunawa, amma dole a tsayar da ita kafin a ga sakamako. Mai binciken da ke matsar da ranar gaba da baya har sai ta ba shi abin da yake so ya yaudari kansa. Akwai gwaji mai sauƙi: a ƙirƙiri ranar ƙarya a lokacin da aka san ba abin da ya faru, a sake lissafin. Idan manhaja ta gano tasiri a can ma, tsarin ne ke da matsala.

Mu dawo kan 2023, inda abin ya fi ɗaure kai. Ranar 29 ga Mayu aka yi jawabin tallafi. Ranar 14 ga Yuni Babban Banki ya saki kasuwar canji, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 700 cikin makonni. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka hamɓarar da Shugaban Nijar Mohamed Bazoum a Yamai, kwanaki kaɗan bayan haka ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi aka rufe iyaka, har da ta Illela, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Manyan abubuwa uku cikin wata biyu, da damina, ga Sallah a tsakani. Da alƙaluman wata-wata na kaya ɗaya a kasuwa ɗaya, babu manhajar da za ta iya raba su. Abin haɗarin shi ne ba za ta ƙi ba. Idan aka ba ta gurabu uku za ta bugo adadi uku har da ɗigo-ɗigonsu, mai karatu ya ɗauka an auna. Abin da za a iya faɗa da gaskiya daga irin wannan jeri shi ne tasirin ukun a haɗe.

Mai son rarrabewa sai ya nemi inda dalilan suka rabu da kansu. Kuɗin mai a kuɗin mota yake fara bayyana, cikin kwanaki, kuma NBS tana fitar da farashin fetur da na sufuri jiha-jiha kowane wata. Faɗuwar naira ta fi kama fulawa, magani da sauran kayan waje fiye da geron da aka noma a Gwadabawa. Rufe iyaka kuwa ya kamata ya fi nunawa a Illela fiye da kasuwar da ke nesa da Nijar, kuma Hukumar Abinci ta Duniya ta daɗe tana tattara farashin hatsi a kasuwannin kan iyaka irin su Illela, Jibiya da Maigatari. Akwai kuma rufe iyakar da gwamnatin Muhammadu Buhari ta yi a Agustan 2019, wadda aka sassauta a Disamban 2020 da buɗe iyakoki huɗu ciki har da Illela. A farkonta ba a taɓa tallafin mai ba, naira ma tana tsaye, don haka ta fi ba da damar ganin tasirin iyaka shi kaɗai. Sai dai damar gajeriya ce: a Fabrairun 2020 aka ƙara harajin VAT daga kashi 5 zuwa 7.5, a ƙarshen Maris kuma kullen korona ya fara. Watannin da za a iya dogara da su ke nan daga Satumban 2019 zuwa Janairun 2020, biyar kacal, kuma yawancinsu sun faɗo a kaka, lokacin da hatsi dama yake sauka.